Fari Nawa Ne a Hausa?

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, malamin gona ne a ƙasar Katsina, kuma mutum ne mai rubuta komai. Ranar da ruwan shuka ya sauka, kuɗin tiyar gero a kasuwar mako, manomin da ya karɓi iri bashi, har haihuwa da rasuwa a unguwa, duk yakan zuba su a ƙananan littattafai masu bangon kwali. Da ya rasu muka sami goma sha ɗaya a cikin adakarsa, gara ta fara taɓa biyu. 'Yan'uwana suka ɗora mini nauyin adana su, ni kuwa na ga babu adanar da ta fi a sa su a kwamfuta. Na raba littattafan ga masu buga takardu uku, bayan 'yan watanni aka haɗa mini aikin wuri ɗaya. Daren da na buɗe shi, tambaya guda ce a raina: me ya rubuta game da farin 1973, shekarar da aka haife ni? Na rubuta kalmar fari a gurbin nema, na danna.

Na'ura ba ta yi mini rowa ba. Ta kawo farin wake da farin wata da farin ciki. Ta kawo fari da suka faɗa wa gero a wata shekara, da ɗan farin wani maƙwabci da aka yi wa kaciya. Ta kawo ruwan fari, wato na farkon damina, wanda shi ne kishiyar abin da nake nema. Farin rashin ruwa kuwa wuri biyu ko uku ya fito, kuma babu ko ɗaya a littafin 1973.

Masana harshe suna kiran wannan harshen damo, magana ɗaya mai baki biyu. Sai dai a bakin Bahaushe waɗannan kalmomi ba su taɓa zama ɗaya ba. Farin launi, gaɓoɓinsa biyu duk a sama suke. Farin rashin ruwa yana farawa a sama, sannan ya sauko. Wanda ke cikin ɗan fari ana jan wasalinsa na farko. Na ƙwari ma ana ja, amma shi daga ƙasa yake tasowa ya hau. Ga kuma fari na ido, wanda 'yan mata ke yi. Yaro ɗan shekara biyar yana rarrabe su ba tare da an koya masa ba. A takarda ne suka sa riga iri ɗaya, ita kuwa kwamfuta rigar kawai take gani. Na daɗe ina ɗora mata laifi. Da na bi sawun al'amarin sai na tarar tarihi biyu ne suka haɗu a kan teburina a wannan dare, na waɗanda suka ƙera na'urar da na waɗanda suka tsara rubutunmu, kuma ɗaya bai san da zaman ɗaya ba.

Bari in fara da na masu na'ura, domin su ma sun sha wannan wahala a harshensu tun kafin a yi maganar namu.

A watan Yulin 1949 wani masanin lissafi a Amurka, Warren Weaver, ya rubuta wata takarda ya raba wa abokansa, yana ganin kwamfuta, wadda a lokacin jaririya ce, za ta iya fassara. Ya hango matsalar harshen damo, ya kuma kawo dabara. In mutum ya rufe shafi da kwali, ya huda 'yar kafa wadda kalma ɗaya kaɗai za ta leƙo, ba zai san ma'anarta ba. In ya faɗaɗa kafar har ya ga kalmomin da ke gabanta da bayanta, shakka za ta kau. Abin da ya rage shi ne a gano faɗin kafar da ake bukata. Shekara biyar ba su cika ba, ranar 7 ga Janairun 1954, Jami'ar Georgetown da kamfanin IBM suka tara 'yan jarida a New York, na'ura ta juya jimloli sama da 60 daga Rashanci zuwa Turanci. Kalmomi 250 kawai ta sani da dokokin nahawu shida, jimlolin kuma zaɓaɓɓu ne. Duk da haka aka yi ta shela cewa nan da shekara uku zuwa biyar an gama da matsalar fassara, kuɗi kuma suka yi ta kwarara, don lokacin yaƙin cacar baka ne, Amurka na ƙishirwar sanin abin da Rasha ke rubutawa.

Wanda ya zuba wa murnar ruwan sanyi shi ne Yehoshua Bar-Hillel na jami'ar birnin Ƙudus, mutumin da ya yi aikin da hannunsa kafin ya yanke ƙauna. A rahotonsa da aka buga a 1960 ya kawo ɗan labari na jimloli kaɗan: yaro yana neman akwatin kayan wasansa, daga baya ya same shi a cikin pen. Wannan kalma a Turanci tana nufin alƙalami, tana kuma nufin ɗan shingen da ake sa yara su yi wasa a ciki. Kowane mai jin Turanci ya san shingen ake nufi, domin akwati ba ya shiga alƙalami. To, amma a ina aka rubuta haka? Babu shi a jimlar, babu shi a jimlolin da ke kewaye da ita, kome faɗin kafar Weaver. Yana cikin abin da mutum ya sani game da girman abubuwa a duniya. Bar-Hillel ya ce in ana so na'ura ta warware irin wannan, ƙamus bai isa ba, sai an ba ta kundin sanin duniya gaba ɗaya. A 1966 wani kwamiti na gwamnatin Amurka ya duba aikin, ya ga riba ba ta kai jari ba, aka tsuke bakin aljihu.

Mu ma muna da irin wannan jimla. In na rubuta cewa sun yi faɗa a kan gado, ka faɗa mini: yara ne suke kokawa a kan katifa, ko magada ne aka kai gaban alƙali? Sai ka san ko su wane ne, ko an yi rasuwa a gidan.

A gefe guda kuma akwai ma'aikatan laburare, waɗanda fassara ba ta dame su ba. Damuwarsu ita ce takardun kimiyya sun yi yawa bayan yaƙin duniya na biyu, mai nema ba ya samun abin da yake so. A Ingila, Cyril Cleverdon, mai kula da laburaren kwalejin ilimin jiragen sama a Cranfield, ya shafe lokaci daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa tsakiyar shekarun 1960 yana gwada hanyoyin jera bayanai, a gwajinsa na biyu da takardu 1,400. Ma'auni biyu da ya yi aiki da su har yau da su ake awo. Na ɗaya, cikin abin da na'ura ta kawo maka, nawa ne mai amfani? Na biyu, cikin masu amfanin da ke rumbun, nawa ta kawo? Ya kuma lura cewa ba sa tashi tare. Kamar mai su ne: in ya sa koma mai ƙananan idanu zai kwaso kifi da yawa, haɗe da ciyawa da kwaɗi, in ya sa mai manyan idanu abin da ya kama tsabtatacce ne, amma rabin kifin ya sulale.

Yawan kifin da ke sulalewa bai fito fili sosai ba sai a 1985, da David Blair da M. E. Maron suka buga sakamakon wani bincike. Wasu lauyoyi a Amurka suna shirin wata babbar shari'a, an zuba musu takardu kusan 40,000, kimanin shafi 350,000, a wata manhajar nema mai suna STAIRS. Lauyoyin suka ce ba za su daina nema a kan kowace tambaya ba sai sun gamsu sun sami kashi 75 cikin ɗari na takardun da suka shafe ta. Suka nema, suka gamsu. Da aka auna, kimanin kashi 20 suka samu. Dalilin ya fi alƙaluman ban sha'awa a wurina. Akwai wani haɗari da aka yi, wanda ake son duk takardar da ta ambace shi. Waɗanda ke neman a hukunta wani sukan kira shi haɗari kai tsaye. Waɗanda abin ya shafa kuwa sukan kewaye, su ce abin da ya faru, ko matsalar nan, ko su yi maganarsa ba tare da suna ba, tun da wanda ake rubuta wa ya riga ya sani. Ashe cutar iri biyu ce. Kalma ɗaya mai ma'ana da yawa tana cika maka ƙwarya da tsakuwa, wannan kana gani, kana iya tsincewa. Ma'ana ɗaya mai kalmomi da yawa kuwa ɓoye maka hatsin take, ka tashi kana godiya ba ka san an bar buhu a baya ba. Wannan ta biyun ta fi muni, kuma zan dawo kanta.

Yanzu sai tarihinmu na gida. Duk wani rubutu a duniya yana zaɓar abin da zai ɗauka daga magana, ya bar sauran ga mai karatu. Ajamin da malamanmu suka yi waƙoƙi da wasiƙu da shi yana nuna tsawon wasali. Wanda ya rubuta gari da ajami bai bar ka cikin shakka ba: na tuwo yana da alif, na mazauna ba shi. Gadon magada ma haka. Amma ajami ya bar wasu abubuwan. Galibi harafi ɗaya ne ke ɗaukar b da ɓ, rufu'a ɗaya ce ke ɗaukar o da u, karin sauti kuma babu shi sam. Malamin da ya rubuta ya san ɗalibin da zai karanta Bahaushe ne, sau da yawa ma ya riga ya ji waƙar a baki kafin ya gan ta a takarda.

Boko ya zo da nasa zaɓin. J. F. Schön, Bajamushen mishan da ya buga nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876, bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba, yawancin Hausarsa daga bakin Dorugu ya samo ta a Ingila. Kunnensa bai raba ƙ da k ba, bai raba ɗ da d ba, balle kari. Bayan Turawa sun ci ƙasar, gwamnatin Lugga ta zaɓi boko a matsayin rubutun mulki, sai Hanns Vischer, wanda Kanawa suka sa wa Ɗan Hausa, ya buga ƙa'idojin rubutu a 1912. Tsarinsa ya raba baƙaƙen da Schön ya cakuɗa, amma bai sa wa tsawon wasali da kari alama ba. Ba don abin ya gagara ba ne har abada: ƙamusun G. P. Bargery na 1934, mai kalmomi kimanin 39,000, ya nuna su, na R. C. Abraham na 1949 ma haka. Ƙamus dai na mai bincike ne. Rubutun yau da kullum aka bar shi tsirara. A ƙarshen shekarun 1930, zamanin da Dokta Rupert East ke jagorancin Hukumar Talifi a Zariya, aka karɓi haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, kuma da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Janairun 1939, Abubakar Imam na editanta, sai wannan tsari ya shiga kowane lungu. A Nijar an ɗau lokaci bayan taron Bamako na 1966 ana ninka dogon wasali a rubutu, har taron daidaita ƙa'idoji na Yamai a 1980 ya kusanto da ɓangarorin biyu. Abin da ya saura a fili shi ne ƴ da suke rubutawa inda muke rubuta 'y.

Ba na cikin masu zargin waɗancan mutane. Da an ɗora wa kowane wasali alama biyu, da yaƙi da jahilci ya fi haka wuya, da maɗaba'a ta fi haka tsada, kuma Bahaushe mai karanta jarida ba ya bukatarsu. Amma a san girman abin da aka bari. A Hausa kari da tsawo ba kalmomi kaɗai suke rabawa ba, har da lokutan aiki. A littattafan mahaifina akwai layuka da yawa masu cewa wane ya biya. In aka ja wasalin ya, an riga an biya. In aka gajarta shi aka sauke murya, umarni ne, bashi yana nan. In aka ja shi murya ta faɗo daga sama, to ana dai sa rai zai biya. Shi da ya rubuta ya san wanda yake nufi, don ya san mutumin, ya san halinsa. Ni da na gada ban sani ba, kuma babu wata na'ura da za ta gaya mini, domin bayanin bai taɓa sauka a takardar ba. Rubutun boko alkawari ne tsakanin marubuci da mai karatu ɗan gari: zan ba ka rabi, ka cika sauran daga abin da ka sani. Kwamfuta ce mai karatu ta farko da ba a haifa a garin ba.

Ƙugiyar da aka sha wahalar samowa ma ba ta tsira ba. Keken rubutu na ofis don Turanci aka ƙera shi, sai akawu ya buga k, in yana da himma ya bi da biro ya lanƙwasa mata kai. Tsarin haruffan kwamfuta da aka kafa a Amurka a 1963, mai suna ASCII, gurbi 128 gare shi, babu na ƙugiya ko ɗaya. Sai a 1991 tsarin Unicode ya fito da gurbin kowane harafinmu, amma an ɗau shekaru kafin allon madannai da wayoyi su kawo su kusa da yatsa. A tsakanin nan mutane suka yi dabara. Wasu suka sa alamar ɗauri gaba ko bayan harafi. A tsakiyar shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu ya zana haruffan kwamfuta masu ƙugiya, waɗanda suka sauƙaƙa buga littattafai da kundayen digiri masu yawa. Irin waɗannan zane aro suke yi: sukan ɗauki gurbin wata alama da Hausa ba ta bukata, su sa mata fuskar ƙ ko ɗ. Wasu sun ari gurbin baka, wasu na q da x da v. A takarda aiki ya yi kyau. Amma da zarar an ɗauke rubutun zuwa na'urar da ba ta da zanen, fuskar aro ta faɗi, sai a ga qasa da xaya da varawo, ko }asa da ]aya.

Masu buga takarduna uku, ashe, kowa da makarantarsa. Na farko ya sa ƙugiya ta gaskiya. Na biyu ɗan q da x ne. Na uku bai sa komai ba, da na yi magana ya ce ai kowa ya gane. Don haka kalmar ƙasa, wadda malamin gona ba ya shafi biyu bai ambata ba, ta rabu gida uku a cikin aiki ɗaya, kuma a kason na ukun ta cakuɗe da kasa ta gazawa, da kasa macijiya, da kasa kaya a kasuwa. Baƙi na launi da baƙi na tafiya, waɗanda dama rigarsu ɗaya, suka sami na uku, bakin magana. Ƙara ta kotu ta shiga cikin karan dawa. Abin da ya faru a teburina shi ne ke faruwa a intanet baki ɗaya. Wanda ya nemi kalma da ƙugiya zai iya rasa shafukan da ba su sa ba, wanda ya nema babu ƙugiya zai kwaso har da abin da bai tambaya ba, kundayen da aka buga da haruffan aro kuwa suna nan kwance kamar an binne su. A nan kam ina da wanda nake zargi, mu ne. Uzurin akawun 1960 ya ƙare, ƙugiya tana cikin kusan kowace waya, ganda ce kawai ta rage.

Sunaye kuma wata duniya ce. Mutum ɗaya ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da Usman dan Fodio, da Uthman ibn Fudi, da Ousmane dan Fodio na littattafan Faransanci. Gari ɗaya ne Damagaram da Zinder, haka Sakkwato da Sokoto. Muhammadu na Katsina in ya ƙetara Maraɗi ya yi takarda sai ya koma Mahamadou, a gida kuma Mamman ne. Wannan ba sabuwar matsala ba ce, kuma ba Turawa suka fara neman maganinta ba. Malaman hadisi, da yake ingancin ruwaya ya rataya a kan sanin ko wane ne ya faɗa, sun mai da rarrabe sunaye fanni mai zaman kansa. Alkhaɗib na Bagadaza, wanda ya rasu a 1071, ya wallafa littafi sukutum a kan mutanen da sunansu da na ubanninsu suka zo ɗaya alhali su daban ne, Ibn Salah kuma ya lissafa mutum shida masu suna Khalil ɗan Ahmad. Da me suke rabawa? Da malaman mutum, da ɗalibansa, da garinsa, da shekarar rasuwarsa. Wato dabarar Weaver ce tun kafin a haifi kakannin Weaver: in suna ya rikice, dubi waɗanda yake tare da su.

A kan wannan dabara ce na'urorin yau suka yi nisa. Maimakon a rubuta musu dokoki, sai a ba su rubutu mai ɗimbin yawa, su lura da kalmomin da ke yawan zama tare. Fari da ke kusa da damina da rijiya da yunwa daban, wanda ke kusa da shadda da alli daban. Kamfanin Google ya fito da wani tsari irin wannan mai suna BERT a 2018, ya sa shi cikin manhajar bincikensa a 2019, kuma dole a yarda an ci gaba ƙwarai. Akwatin Bar-Hillel ba ya ba irin waɗannan na'urori wahala kamar da. Sai dai abincinsu rubutu ne, kuma kowane harshe gwargwadon abin da ya tara ake gane shi. Kashin BERT na harsuna da yawa an horar da shi da harsuna 104, waɗanda suka fi yawan maƙaloli a Wikipedia a lokacin. Akwai Yarabanci da Sawahili a ciki, babu Hausa, duk da miliyoyin masu magana da ita. An samu waɗanda suka sa ta daga baya. Amma ɗan abin da muka tara ɗin ma a warwatse yake cikin rubutu iri huɗu ko biyar, na'ura tana ɗaukar ƙasa da qasa a matsayin baƙin juna, tana ɗaukar ƙasa marar ƙugiya da macijiya a matsayin abu ɗaya.

Kada a ɗauka ina fatan a kashe damon. Da harshensa ake kacici-kacici, da shi ake habaici da zambo, da shi maroƙi ke yabon mutum yana yankansa, da shi kishiya ke magana da kaza alhali da mutum take. Harshen da kowace kalma ke da ma'ana ɗaya tak ba zai yi waƙa ba. Abin da nake so ƙarami ne: inda aka ajiye rubutu don a nemo shi gobe, a sa ƙugiya, a mai da tsofaffin kundaye zuwa haruffa na gaskiya, a kuma ajiye muryoyin masu magana tare da rubutun inda hali ya yi, tun da a murya ne kaɗai fari biyar ɗin suke biyar.

Daga ƙarshe na ajiye kwamfuta na ɗauko littafin 1973 na ainihi, na bi shi shafi-shafi. Farin yana nan tun daga bango har bango, sunansa ne kawai babu. Ruwa ya ɗauke. An sake shuka, karo na uku. Gero ya ƙone a tsaye. Rijiyar kasuwa ta koma laka. Buzaye sun sauko da raƙuma, babu mai saye. A wani wuri ya rubuta cewa tsofaffi sun ce rabonsu da irin wannan tun Kakalaba, wato yunwar 1913 zuwa 1914, sunan da in ba ka san shi ba babu abin da zai sa ka nema. Mutumin da ke tsakiyar abu ba ya kiran sunansa, kamar dai mutanen da ke cikin takardun lauyoyin nan. Sai daga baya, a littattafan wasu shekaru, ya fara cewa lokacin fari.

Da na ga haka sai na koma kwamfuta na rubuta sunana. Babu shi, ko sau ɗaya, a littafi goma sha ɗaya. Sunayen ƙannena duk suna nan, da ranar haihuwarsu da ranar da aka sa su makaranta. Na yi ɗan jim kafin abin ya faɗo mini: ni ne ɗan fari, kuma mahaifina mutumin da ne, alkunya ba ta bar shi ya faɗi sunana da baki ba, ashe ba ta bar shi ya rubuta ba. Na koma littafin 1973 na nemi watan da aka haife ni. Layi ɗaya ne, tsakanin kuɗin dawa da lissafin buhunan agaji: An yi sunan yaron. Rago arha, hatsi tsada.

Na nemi kalmar yaron, ta fito wurare da yawa. Wani yaron ni ne, wani ɗan aike ne, wani na maƙwabta ne da ya faɗa rijiya aka ciro shi. Mahaifiyata ba za ta taimake ni ba, don ita ma kunyar ce. Gwaggona, ƙanwarsa, ita ce ba ruwanta. Ranar Juma'a bayan la'asar nakan je in karanta mata, ta saurara, ta ce wannan kai ne, wannan ba kai ba ne, ni kuma in sa alama a gefe. Mun kai littafi na huɗu.